Daga Sarkin Ruwa Zuwa Mai Digiri: Su Wa Ke Riƙe da Dazuzzukanmu?

 Yau zan ɗan taɓo tarihin wani fanni da mu 'ya'yan 'yan kasuwa ba mu cika waiwayarsa ba, wato karatun kula da daji da namun dawa, da kuma yadda aka yi muka zama 'yan kallo a cikinsa.

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da shugabannin daji da na ruwa. Akwai Sarkin Dawa, akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Ruwa. A Argungu, ana hana su a kogin Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi, bikin da ya samo asali tun 1934. Wannan hani shi ke ba kifi damar hayayyafa. Su waɗannan masu sarauta gadon sanin suka yi, ba su da takardar shaida.

Da Turawa suka kawo tsarin gandun daji, sai ma'auni ya koma takarda. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen koyar da ilimin daji a 1963, lokacin da ɗaliban Arewa a jami'a ba su taka kara sun karya ba. Amma manyan dazuzzukan da ake son karewa da yawansu a Arewa suke. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. An kafa kwalejin kula da namun daji a New Bussa a 1978. A nan Ikko kuwa, Cif S. L. Edu ya assasa ƙungiyar NCF a 1980, ita ce ta buɗe gandun Lekki mai hekta 78 a 1990.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne fadamar Hadeja da Nguru, inda wani kifin bandar da ake saukewa a kasuwanninmu yake fitowa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka ji a jikinsu. A 1987 aka fara wani shiri na ceto fadamar, da hannun NCF da ƙungiyoyin ƙetare. Mai karatu ya lura: wajen da ake yanke shawarar yawan ruwan da za a saki daga madatsa, rahoto da alƙaluma ake ajiyewa a kan tebur. Masunci ya san ruwan fiye da kowa, amma in babu ɗansa da ya iya rubuta rahoton, maganarsa a bakin kogi take tsayawa.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta shafa ba. A Amurka, Farfesa Dorceta Taylor ta fitar da wani rahoto a 2014 da ya nuna cewa baƙaƙen fata da sauran tsiraru ba su wuce kashi 16 cikin ɗari ba a ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyin muhalli da ta bincika. Daga baya ta jagoranci shirin gidauniyar Doris Duke a Jami'ar Michigan, inda aka riƙa ɗauko ɗalibai tun suna digirin farko, a biya su, a koya musu bincike, a tura su ƙungiyoyi su ga aiki. Hikimar ita ce, wanda ake so ya zama shugaba nan da shekara ashirin, tun yana ɗalibi ake kama hannunsa.

Mu ma muna da irin wannan ƙofa. A 2002 A. P. Leventis, na gidan nan mai kantunan da iyayenmu suka sani a Kano da Ikko, ya kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum, tare da Jami'ar Jos. Digiri na biyu take bayarwa, kuma ɗalibanta daga ƙasashen Afirka da dama suke zuwa. Sai dai ba a isa can sai an bi ta digirin farko, kuma Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo duk suna koyar da ilimin gandun daji.

Ni dai a sakandare na tsaya, na koma rumfar mahaifina, kamar yawancin sa'o'ina a nan. Amma ƙannenmu suna cike fom ɗin JAMB kowace shekara, kuma duk gida likita ko lauya ake so. Kiran da nake wa iyayenmu da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu na kasuwa shi ne, su ɗauki nauyin ko da yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a wannan fanni. Shanu da kifi da gawayi da ƙaro da muke ci da su, duk daga daji da fadama suke fitowa. Ranar da za a zauna a tsara dokar kiwo ko ta sare itace, ya kamata a ce akwai namu a wajen, mai jin yaren makiyayi, mai kuma riƙe da takarda.

Allah Ya sa mu dace, amin.