SUNAN WA KE CIKIN ƘUNSHIN?

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na yi sati uku ina juya shi a raina, kunya ce ta hana ni fitar da shi, don labarin da zan bayar da hannuna dumu-dumu a ciki.

Wata rana ina ofis a Sakkwato, saƙo ya shigo wayata: wai wata hukumar gwamnati za ta yi gwanjon kayan da ta kama, akwai babura, akwai injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Ga hotuna, ga tambari, ga wani mutum sanye da kaki. Ban ma karanta har ƙarshe ba. Na dai tuna yadda kuɗin fetur ke cinye wa mutanenmu riba a fadama, sai na tura shi zauren danginmu na Dinawa, na rubuta "ko akwai mai buƙata", na ci gaba da aikina.

Ɗan baffana ya gani, ya nuna wa Baffa. Lokacin sun sayar da albasa ke nan, kuɗin na hannu. Aka saka lambar yaron cikin wani zaure mai mutum kusan 60, aka buɗe inji a dubu 150. Wannan ya ce 180, wancan ya ce 220, wani har da rantsuwa wai shi ya karɓi nasa makon jiya, ga bidiyo. Yaro ya yi ta hawa har dubu 310, aka ce masa ya ci, amma ya biya cikin awa biyu ko a ba wa na bayansa. Suka hau babur sai wurin mai POS a Wurno. Washegari aka nemi dubu 45 kuɗin takarda, bayan nan dubu 30 kuɗin mota. A rana ta huɗu aka cire shi daga zauren, lambar kuma a kashe. Naira 385,000 ta tafi.

Da na je gida, Baffa bai yi mini faɗa ba. Ya bari muka gama gaisawa, sannan ya ce: "Ɗana, ni ban san su ba. Kai nis sani."

Maganar nan ita ta mayar da ni kan wani abu da muka karanta tun muna jami'a, wanda a lokacin na ɗauke shi labarin cin jarrabawa kawai.

A watan Janairu na 1824 wani Bature ɗan Sikotland, Hugh Clapperton, ya shiga Kano ta hanyar Borno, kafin ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a watan Maris. Ya zazzaga kasuwar Kano, har ya sayi lema ƙirar Ingila a ciki. Cikin abubuwan da ya rubuta akwai wata doka ta kasuwar da ta ba shi sha'awa. Duk ƙunshin riga ko turkudi da aka sayar, sai an rubuta sunan dillalin da ya haɗa cinikin an saka a ciki. Idan mai saye ya kai kayan har Borno, ko wata ƙasa mai nisa, ya kwance ya tarar ba su kai ingancin da aka ce ba, sai ya aiko da su. Dillalin nan dole ya nemo mai kayan, shi kuma dole ya mayar da kuɗi.

Ku dubi nisan Kano da Kukawa a kan jaki da raƙumi, tafiyar makonni. Ba waya, ba banki, kuɗin ma wuri ne da ake ƙirgawa a ƙasa. Amma mutum na sayen kaya a ƙunshe, bai buɗe ba, ya tafi hankalinsa kwance. Kada wani ya ce ai mutanen da duk salihai ne. Da babu maha'inta a cikinsu, da ba a yi dokar ba tun farko. Abin da suka gane shi ne, in za ka sayi abin da idonka bai gani ba, daga hannun wanda ba ka sani ba, to dole a samu mutum na uku mai suna da gida da rumfa, wanda in abu ya ɓaci za a iya riƙe masa riga.

Shugabannin Daular Usmaniyya sun ɗauki kasuwa a matsayin aikin hukuma. Akwai muhtasibi mai duba mudu da awo da algus. Sarkin Musulmi Bello, wanda ya raya Wurno ya mai da ita ribaɗi, ya rasu a can a 1837 kuma can kabarinsa yake, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa. Cikin abin da ya ɗora wa mai mulki har da kula da masu sana'a da gyaran hanyoyi da kasuwanni. Mu da muka taso muna zuwa ziyara hubbarensa, kaɗan daga cikinmu suka san wannan ɓangaren na aikinsa.

Fataken goro da ke zuwa Gwanja su ma a kan wannan tsarin suka yi ta tafiya. Falke ya isa Salaga, garin da ba nasa ba, sai ya sauka gidan fatoma. Fatoma ne zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa. Tsarin bai mutu da zuwan Turawa ba. A farkon shekarun 1960 wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin cinikin shanu da goro, littafinsa ya fito a 1969. Ya tarar Bahaushe na kawo shanu daga Arewa, a ba mahauta Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu. Mai gidan da ya sauke shi ne ke tsayawa. Dillalansa sun san kowane mahauci, sun san wa ke biya wa ke noƙewa. In mahauci ya gudu da kuɗi, mai gida ne zai biya, don in bai biya ba, labari zai riga shi zuwa Arewa, baɗi ba mai sauka gidansa. Jarinsa duka sunansa ne.

Ba sai mun je Ibadan ba ma. Ku shiga kasuwar dabbobi ta Achida. Ba ka ja saniya ka wuce haka nan, sai da dillalin da aka sani. In daga baya aka gano ta sata ce, shi za a fara nema ya fito da wanda ya kawo ta. A wannan zamani na satar shanu da ya addabi Rabah da Goronyo da sauran gabashin Sakkwato, kowa ya san nauyin wannan. La'adar da muke ƙorafin dillali na ci, wani ɓangarenta kuɗin wannan haɗarin ne da ya ɗauka.

Shi kansa wayon da aka yi wa ɗan baffana tsoho ne tukuf. Mutum 60 ɗin nan da ke hawa kan farashi, nawa ne masu saye na gaske? Ina zargin ba su kai biyar ba, sauran 'yan kore ne, wataƙila ma mutum biyu ne da wayoyi a gabansu. Kun san waɗanda ke zama cikin mota a tasha don ka ga kamar saura mutum ɗaya ta tashi, kana biya su sulale? To su ne. A fiƙihu sunan abin najashi, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Imamu Malik ya yi bayaninsa a Muwaɗɗa: mutum ya taya kaya sama da ƙimarsu alhali ba ya nufin saye, don wani ya biyo bayansa. Gwanjo halal ne, kowa ya taya, wanda ya fi ya ɗauka. Ƙaryar tayi ce aka haramta, kuma an haramta ta tun fiye da shekara 1,400, wanda ke nuna tun lokacin ana yin ta.

Turawan da suka ƙirƙiro gwanjon intanet su ma sun sha wannan ruwan. A watan Satumba na 1995 Pierre Omidyar ya buɗe abin da ya zama eBay a Amurka. Cikin kayan farko da ya sayar har da wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, a kan dala 14.83. Ba a yi nisa ba rigima ta fara tsakanin masu saye da masu sayarwa, don ba wanda ya san wani. A 1996 ya fito da tsarin da kowa zai rubuta shaida a kan wanda ya yi ciniki da shi, kowa ya gani. Wato dai ƙoƙarin mayar da suna cikin ƙunshi. Duk da haka, a watan Mayu na 2000 wani lauya a Kalifoniya ya saka wani zane da aka yi wa alamar sa hannun wani shahararren mai zane, Richard Diebenkorn, ya nuna kamar bai san darajarsa ba. Shi da abokansa suka yi ta tayawa da sunayen bogi, har wani ɗan ƙasar Holan ya kai tayi dala 135,805. Asiri ya tonu kafin a biya, kuma a 2001 ya amsa laifinsa a kotu. Bambancinmu da su, can akwai kamfani mai adireshi da kotun da ta bi sawu.

To yaya abin ya iso fadamar Rima? Hanya biyu na gani. Ta farko, gwanjon gwamnati ta intanet gaskiya ne akwai shi. Hukumar Kwastam ta fara nata a watan Yuli na 2017 zamanin Hameed Ali, ta sake buɗe sabo a Janairun 2024. Ana yin sa ne a dandalinta na hukuma, sai ka yi rajista da lambar biyan haraji. Ita kanta hukumar ta sha fitowa tana gargaɗi cewa akwai masu amfani da sunanta da hotunan jami'anta suna damfarar mutane, kuma ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Ɗan damfara ya san mutane sun ji ƙishin-ƙishin ana gwanjo, amma ba su san ƙofar ba, sai ya tsaya ya ce shi ne ƙofar.

Ta biyu, ƙarancin takardun Naira na farkon 2023. Kun tuna yadda aka yi. Mutumin da bai taɓa shiga banki ba, dole ta sa ya buɗe asusu ko ya jingina da mai POS, don albasarsa na ruɓewa ba mai tsabar kuɗi. Cikin wata biyu aka tura ƙauyukanmu cikin cinikin waya, ba wanda ya zaunar da su ya ce ga yadda alat na ƙarya yake, ga yadda kuɗi in sun fita da wuya su dawo. Kuɗi suka koyi tafiya cikin daƙiƙa ɗaya, dillalin da zai tsaya aka baro shi a kasuwa.

Nan ne maganar Baffa ta kama ni. Ɗan damfara ba shi da sunan da zai sa cikin ƙunshi, don haka aro yake yi. Ya ari tambarin hukuma, ya ari kaki, ya ari rantsuwa. Amma duk waɗannan ba su isa su raba Baffa da kuɗin albasarsa ba. Mutumin da ya shekara 50 yana cin kasuwar Achida da Goronyo, ko akuya ba ya saye sai ya duba haƙoranta. Abin da ya sa ya saki jiki, saƙon ya fito daga ɗansa mai digiri, ma'aikacin gwamnati. Ni ne dillalin. Na haɗa ciniki ban san mai kaya ba, ban ga kaya ba, ko la'ada ban ci ba.

A dokar Kano ta 1824, dillali ne zai nemo mai kaya. Mun sanar da banki, mun kai rahoto inda ya dace, muna jira. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce wa Baffa zan biya shi daga albashina, kaɗan-kaɗan. Ya ƙi, ya ce ƙaddara ce. Sai da inna ta sa baki muka tsaya a kan rabi. Na biya kashin farko ƙarshen watan nan, kuma wallahi na ji shi a jikina.

Saboda haka 'yan uwana ma'aikata, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, da duk wanda a gidansu ake ce wa "ai shi ya yi boko": duk saƙon da ka tura, da sunanka ya tafi. In ba za ka iya tsaya wa abu ba, kada ka tura shi, ko da "ko akwai mai buƙata" ne.

Mai niyyar saye kuma, kafin ka je wurin mai POS, yi tambayar da kakanninmu ke yi: wa ya tsaya masa, kuma ina gidansa? In an ce hukuma ce, a samu wani ya taka ofishinta ya tambaya, Sakkwato ba nisa. In sunan da ya fito a asusun na mutum ne alhali an ce maka hukuma ce, tsaya nan. In an ce sai cikin awa biyu, bar shi ya wuce. In an nemi kuɗi na biyu kafin ka ga kaya, to na farkon ma ya tafi, kada ka ƙara. In kuma ta riga ta faru, kira bankinka a ranar, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, akwai ofishinsu a Sakkwato. Kada kunya ta sa ka yi shiru kamar yadda na yi sati uku, don kafin in buɗe baki, saƙon ya riga ya fita daga zaurenmu zuwa wasu, ban san hannu nawa ya shiga ba.

Baffa dai ya koma kan tsohon injinsa mai shan fetur. Ya ce in Allah Ya kai mu baɗi zai sayi na hasken rana, amma a shago, a Sakkwato, ya taɓa shi da hannunsa, kuma ni zan raka shi.

Allah Ya tsare mu da zamba cikin aminci, Ya mayar wa duk wanda aka cuta da mafificin alheri. Amin.