Daga Kurufa Zuwa Takalmin Gwanjo a Ƙasar Ƙonni

Tun kafin Nasara su shata iyaka tsakanin Birnin Ƙonni da Sakkwato a farkon ƙarnin da ya shige, mutanen wannan yanki, daga Alela har Illela ta Sarkin Adar, sun san fata sani na haƙiƙa, domin kuwa ƙasarsu na cikin mazaunin jar akuyar nan wadda fatake ke ƙetare Sahara da fatarta zuwa Gadamas da Tarabulus, Turawa su saya su jingina ta ga Maroko, alhali ba can aka jeme ta ba. Majema ke fara aikin, su tuje gashi da toka, su tsuma fata cikin ruwan bagaruwa, sa'an nan dukawa su karɓa su rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Bature matafiyi Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin hajar da ake kai wa Arewacin Afirka daga ƙasar Hausa.

Amma takalmi mai dogon wuya ba na kowa ba ne a wancan zamani. Kurufa ta mahaya ce, sarakuna da baradensu. Huffi kuwa na malamai da attajirai, kuma ɗalibin da ya karanta Risala ya san babin shafa a kansa. Talaka faɗe ya sani, in ya samu, in bai samu ba ya taka ƙasa da kaushinsa. Takalmin Turawa mai igiya ya shigo ne da mummunar sallama, a ƙafar hafsoshin Faransa, Voulet da Chanoine, waɗanda suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899, ya daɗe kuma yana alamar hukuma, har tsofaffin soja suka komo da irinsa daga yaƙin 1939 zuwa 1945.

Abin da ya sauko da shi ga talaka shi ne gwanjo. Da Najeriya ta hana shigo da tsofaffin tufafi, sai ƴan kasuwa suka koma sauke dilolinsu a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hauro da su ta Gaya da Dosso da sunan kayan Nijar, galibinsu kuwa su sulale kudu ta Ƙonni da Maraɗi. Abin da ya rage a hanya shi ya cika kasuwannin ƙauyuka. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabon takalmin kanti ya fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi. Lebura a masana'antar siminti ta Malbaza, da mai gadi, da ɗan kabu-kabu da ke tsoron ƙunar salansa, duk suka nufi tulin gwanjo.

A nan ne mai lura zai ga cewa, ko da sana'ar dukanci ta ja baya, basirar gane fata ba ta bar mutane ba. Mai saye yakan lanƙwasa takalmi ya ga ko zai nuna tsaga, ya sansana shi domin ya rarrabe fata da roba, ya juya ƙasansa ya duba ko ɗinki ne ko manni, saboda ya san takalmin da aka yi domin ƙanƙarar Turai, idan manni kawai ke riƙe da shi, zafin ƙasa na watan bazara zai ɓanɓare shi kafin damina. Daga nan sai ya leƙa ciki, kuma wannan leƙen na shari'a ne. Masu ƙera takalma a Turai sukan yi shafin ciki da fatar alade, wadda ake gane ta da ƙananan huda uku uku a jere. Mashhurin mazhabar Malikiyya kuwa shi ne jima ba ta tsarkake fatar mushe, sai dai an yi rangwamen amfani da ita cikin busasshen abu da ruwa, ban da salla, an kuma keɓe alade daga wannan rangwame. Saboda haka mai taka tsantsan yakan mayar da irin wannan cikin tuli komai arharsa, ya ce wa mai kaya, “Alhaji, Allah ya kawo kasuwa, wannan ba namu ba ne.”

Wanki shi ne inda gaggawa ke ɓata dukiya. Da yawa sukan tsoma takalmi cikin bokiti da Omo kamar tsumma, su shanya shi a tsakar rana, washegari su tarar ya ƙandare, su ɗora wa mai gwanjo laifin da yake nasu. Masana sukan zare igiya su kakkaɓe ƙura, su goge fumfunar da ya ɗauko cikin jirgi da ɗanyen ƙyalle da ɗan sabulu, su cusa tsumma a ciki don kada ya motse, su bar shi a inuwa ya sha iska, wasu su kwana da gawayi a cikinsa saboda warin ƙafar mai shi na farko. Sai ya bushe sarai ake shafa masa man kaɗe kaɗan kaɗan, ana murzawa har fata ta sha, kana a bi da Kiwi da buroshi. Da hunturu kuma a riƙa maimaita man, domin iskar lokacin na tsaga fata. Idan ƙasan ya cinye alhali saman na da rai, sai a kai wa mai gyara a bakin tasha, ya yanko tsohuwar tayar mota daidai sawu, ya huda da basilla, ya ɗinke da zare mai kakin zuma.