Tsofaffin duwatsun washin aska: Yadda ake gane na asali da yadda ake aiki da su

Kafin King Camp Gillette ya samu rajistar mallakar fasahar rezarsa a Amurka a 1904, kaifin askar mai aski a Turai, kamar na wanzami a ƙasar Hausa, ya rataya ne a kan dutsen washi. Da yawa daga cikin wuraren da aka haƙo fitattun duwatsun an daina aiki a cikinsu, shi ya sa tsofaffin suka yi tsada, 'yan damfara kuma suka samu ƙofa.

Fitattun nau'o'i

Coticule yana fitowa ne daga yankin Vielsalm na Beljiyam. Launinsa rawaya ne mai haske, kuma ƙananan ƙwayoyin ma'adinin ganet da ke cikinsa ne ke cin ƙarfe. Dutsen Thuringia na Jamus, wanda kamfanin Escher ya shahara da sayarwa, ruwan toka ne da ke karkata ga kore ko shuɗi, kuma da shi ake kammala washi. Dutsen Arkansas na tsaunukan Ouachita a Amurka yana da tauri ƙwarai, da mai ake aiki da shi. Na Charnley Forest daga Ingila kore ne mai jajayen ratsi. A Japan kuwa, duwatsun kewayen Kyoto, irin su Nakayama, su suka yi fice.

Yadda ake tantancewa

Takardar da ke manne a jiki ba hujja ba ce, domin ana iya ɓanɓaro ta daga wani dutse. Abin dogaro shi ne a jiƙa dutsen, a goga shi da ƙaramin dutse, a duba kunun da ya fito: na coticule fari ne kamar madara, na Thuringia toka-toka. Dutsen masana'anta yawanci launinsa bai ɗaya ne, wasu kuma na zuƙe ruwa nan take, alhali na asali kan nuna jijiyoyi da ɗigo. Sai a lura da tsaga, domin ita ke karya bakin aska.

Yadda ake wasawa

Tsohon dutse yakan yi kwari a tsakiya. A zana layuka da fensir a kansa, a goga shi a jiƙaƙƙiyar sanfefa da aka shimfiɗa bisa gilashi har layukan su ɓace. Daga nan a kwantar da askar, baki da gadon baya duka suna taɓa dutsen, a tura ta baki a gaba ba tare da dannawa ba. Idan za a juya, a juya ta kan gadon bayanta. A riƙa ƙara ruwa har kunun ya tsinke, sannan a goge ta a fata, wannan karon gadon baya a gaba.

Abin da dutse ba ya yi

Washi ba ya kashe ƙwayar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jikin mutum. Askar da ta taɓa jinin wani, komai kaifinta, sai an wanke ta an tafasa kafin ta hau kan wani, kuma haƙƙin mai zuwa aski ne ya tambaya.