Daga Bakolori zuwa Teksas: ina alhakin kamfani yake tsayawa?

Duk wanda ya tashi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya ji labarin Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar ruwan a shekarun 1970. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka nemi diyya, suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Ba kamfanin ne ya yi harbin ba, amma a kan aikinsa aka zubar da jinin. To ina alhakin kamfani yake tsayawa? Kotunan duniya sun daɗe suna fama da wannan tambaya, musamman a kan makamai.

Bari mu koma 1946. A birnin Hamburg, kotun sojan Birtaniya ta gurfanar da Bruno Tesch, mai kamfanin da ke rarraba Zyklon B. Maganin ƙwari ne, amma da shi 'yan Nazi suka kashe mutane a Auschwitz. Tesch ya ce shi dai ya sayar ne don feshi. Kotu ta gamsu cewa ya san abin da ake yi da shi, aka rataye shi. Haka a 2005, kotu a Holan ta ɗaure ɗan kasuwa Frans van Anraat shekara 15 saboda sayar wa Saddam Hussein sinadarin da aka haɗa iskar guba da shi. Ka ga ma'aunin duka biyun ɗaya ne: sani. Ko a ƙauye ma, maƙerin da ya ƙera wa mafarauci bindigar toka daban, wanda ya san ɓarawo yake ƙera wa daban.

Matsalar yau ita ce cif, wato 'yar ƙwayar lantarkin nan da ke cikin wayarka. Irin wadda ke sarrafa injin wanki tana iya saita jirgi maras matuƙi. Ana buga su biliyoyi, suna ratsa hannun dillalai a ƙasashe da dama. A farkon 2023, CNN ta ruwaito cewa a wani jirgin Shahed ƙirar Iran da aka kakkaɓo a Yukiren, sassa 40 cikin 52 na kamfanonin Amurka ne. A Disambar 2025 wasu 'yan Yukiren suka maka Intel, AMD da Texas Instruments a kotu a jihar Teksas, suna zargin sun yi sakaci da inda kayansu ke ƙarewa. Kamfanonin dai sun sha cewa sun daina ciniki da Rasha, ta bayan fage ake karkatar da kayan.

Abin da ke rage ƙarfin "ban sani ba" shi ne bin sawu. Galibin makaman da masana'antu ke ƙerawa suna ɗauke da lamba da tambarin masana'anta. Ƙungiyar Conflict Armament Research ta yi irin wannan aiki a nan gida. Rahotonta na 2020 kan makaman da aka kama a Zamfara, Katsina da Kaduna ya gano wasu sun fito daga rumbunan Libiya da Kodebuwa, wasu kuma bindigogi ne ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta tashar ruwan Legas.

Da zarar an rubuta wa kamfani cewa ga kayansa, ga lambarsu, ga inda aka tsince su, uzurin rashin sani ya fara ƙarewa. Shi ya sa idan jami'an tsaro suka ƙwato makamai a dazukan Maradun, bai kamata a tsaya ga jera su gaban kyamara ba. A rubuta lambobin, a adana, a buɗe wa masu bincike.