Ƙuri'ar Bagobiri: Daga Gaban Dagaci Zuwa Na'urar BVAS

A zaɓen 1951, talakan Isa ko Sabon Birni bai zaɓi ɗan majalisa da hannunsa ba. Magidanta masu biyan haraji ke taruwa su fitar da wakili a bainar jama'a, dagaci na kallo. Wakilan su tafi gunduma su sake zaɓe, daga nan sai lardi a Sakkwato. Kafin a kai ƙarshe, muryar ƙauye ta narke kamar gishiri a ruwa. Ko a Kano, inda jam'iyyar NEPU ta yi rinjaye a matakin farko, ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba, domin En'e, wato hukumar gargajiya, na da ikon cusa mutanenta cikin masu zaɓen ƙarshe.

NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta nemi zaɓe kai tsaye kuma a asirce, ta kuma yaƙi aikin tilas da ake sa talakawa a gonakin masu sarauta. Jagoranta Malam Aminu Kano ya san Lardin Sakkwato, don ya koyar a Maru. Ya san cewa mai cin albashin En'e, malamin makaranta ne ko malamin asibiti, in aka gan shi da 'yan adawa, aikinsa na iya salwanta. Ke nan ƙuri'ar mutum da abincin iyalinsa a hannu ɗaya suke.

Muhawara ma da ƙa'idarta, amma ƙa'idar mai ƙarfi ce. Ba a yin lacca sai da izinin En'e. Wanda ya soki hakimi sai a gurfanar da shi gaban alƙali da laifin zagin sarki, ya sha ɗauri. Gaskiya ne 'yan NEPU ba su da sanyin baki, zambonsu na da zafi. Sai dai a ganina, ladabin da ake nema daga ɓangare ɗaya kawai takunkumi ne aka ɗaura wa talaka.

Zaɓen tarayya na Disamba 1959 ya zo da ƙuri'ar sirri, amma ga maza kaɗai. Matan Arewa, waɗanda Hajiya Gambo Sawaba ta sha kurkuku dominsu, sai a 1976 suka samu wannan 'yanci. A 1999 ɗan ƙasar Isa, Attahiru Bafarawa, ya zama gwamnan Sakkwato. Kwamitin Mai Shari'a Uwais ya miƙa rahotonsa na gyaran zaɓe a 2008, sannan dokar zaɓe ta 2022 ta ba tantance masu zaɓe da na'ura, irin su BVAS, gindin zama.

Abin da ke ci mini rai shi ne, aikin tilas ya dawo ƙasar Gobir ta wata ƙofa. 'Yan bindiga na ɗora wa ƙauyuka haraji, suna sa mutane noma musu gonaki. A Agustan 2024 suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan sun yi garkuwa da shi. Dubban mutanen yankin sun tsallaka iyaka zuwa Gidan Runji a jihar Maraɗi. Masu tsara gyaran dokar zaɓe a Abuja ya kamata su san da zamansu, domin dokar Najeriya ba ta ba wanda ke wajen ƙasa damar kaɗa ƙuri'a ba, ko da katin zaɓensa na aljihunsa.