Sauya wa rumbun bayanai babbar manhaja

Rumbun bayanai shi ne ma'ajiyar da bankuna, ma'aikatu da manyan shaguna ke adana lissafin kuɗi, albashi da sunayen abokan ciniki. Yana zaune ne a kan kwamfutar da ake kira saba, wadda babbar manhaja irin su Windows ko Linux ke tafiyarwa.

Akan sauya manhajar don rage kuɗin lasisi, ko idan kamfaninta ya daina toshe mata kafofin tsaro kyauta, kamar yadda Microsoft ya yi wa Windows Server 2012 a Oktoban 2023.

Kwafar fayiloli kaɗai ba ta wadatarwa. Alal misali, rumbun MySQL a kan Linux yakan bambanta babban harafi da ƙarami a sunayen jadawali, alhali a Windows ba ya yi, sai manhajar albashi ta nemi jadawalinta ta rasa. Saboda haka akan dakatar da shigar da sababbin bayanai, a fitar da na ciki da mysqldump, a loda su a sabuwar saba, sannan a gwada. Ba a kashe tsohuwar sai lissafin ɓangarorin biyu ya zo daidai.