Yadda Ƙwallon Kwando Ya Sauka a Zariya, Har Sunan Garin Ya Kai Kigali

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya, a Unguwar Juma ko Kaura ko Limancin Kona ko Babban Dodo, idan aka ce masa ƙwallo, ba abin da zai faɗo masa a rai sai ƙwallon ƙafa, wanda yara ke bugawa a kowane sarari da zarar an taso daga makarantar allo, har kiran magariba ya watsa su. Amma da za a tsare wani mutumin Amurka ko na Kanada, daga cikin masu bin labarin wasanni, a tambaye shi abin da ya sani game da Zariya, la'alla bai taɓa jin labarin Sarauniya Amina ba, balle masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, sai dai ya ce ai garin da Masai Ujiri ya koyi ƙwallon kwando ke nan. Wannan al'amari, watau a san gari a nesa da abin da galibin mutanen cikinsa ba su san shi da shi ba, ya cancanci a bi asalinsa sannu a hankali.

Kafin Turawa su ci Zazzau a 1902, samarinmu suna da abubuwan gwada ƙarfi da juriya irin nasu, kokawa da dambe da langa da sukuwa, kuma malamai ba su taɓa ƙyamar motsa jiki a kan kansa ba, tun da sun san shari'a ta kwaɗaitar da koyon harbi da hawan doki da iyo. Wasannin Turawa ta ƙofar makaranta suka shigo. Kwalejin da aka buɗe a Katsina a 1921, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan ta tare a Zariya a 1949, wadda yau ake kira Barewa, ita ce ta saba wa 'ya'yan Arewa da kurket da hoki da ƙwallon ƙafa, da kuma wasan nan na dukan ƙaramin ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda marigayi Sardauna ya shahara da ƙaunarsa. Daga cikinsu duka ƙwallon ƙafa ne kaɗai ya tsallake katangar makaranta ya shiga lunguna, kuma dalilin a fili yake: ba ya bukatar komai sai sarari, da duwatsu biyu a madadin raga, da abin bugawa ko da na tsumma ne. 

Ƙwallon kwando a Amurka aka ƙago shi, a garin Springfield, cikin watan Disamba na 1891, lokacin da wani malami haifaffen Kanada mai suna James Naismith ya rasa abin da zai shagaltar da ɗalibansa da shi a cikin ɗaki saboda tsananin hunturu, ya rataya kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a sama, ya ce a riƙa jefa ƙwallo a ciki. Ashe sunan da Bahaushe ya ba wasan ya dace da asalinsa sarai. Babbar ƙungiyar masu yinsa don sana'a an kafa ta a 1946, ta ɗauki sunan NBA a 1949. To, wasa ne mai sharuɗɗa, domin sai da daɓe mai santsi wanda ƙwallo zai yi tsalle a kansa, sai da ƙarfe da allo da zobe, kuma fiye da waɗannan duka sai da malami, saboda hannu ba ya gane dabarar jifa da kansa yadda ƙafa ke gane bugu.

Waɗannan sharuɗɗa sun taru a Samaru, bayan da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962. Jami'ar ta samar da fili, Allah kuma ya kawo malami, wani Ba'amurke baƙar fata mai suna Oliver Johnson, wanda ya zauna a Zariya shekaru masu yawa yana horar da ɗalibai da yaran da ke kewaye, har ya kai ga horar da tawagar ƙasa. Mutumin Zazzau ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan, domin ya san yadda garinsa ya yi suna da nahawu da lugga: malami guda ne yake shimfiɗa buzunsa a zaure, ya dawwama a kai shekara da shekaru, ba ya fashi, almajirai su zo daga nesa su ɗauka, su ma su koma su karantar, sai a wayi gari silsila ta ƙullu. Haka kowane fanni yake kafuwa, na addini ne ko na duniya. Abin da Johnson ya yi a filin jami'a ke nan, kuma haƙƙi ne a kanmu mu ambace shi da alheri, ko da yake ba ƙasarmu ɗaya ba ce.

Mafi shaharar almajiransa shi ne Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Nijeriya mai aikin gudanar da asibiti, mahaifiyarsa likita 'yar Kenya, aka dawo da shi Zariya yana ƙarami, ya fara da ƙwallon ƙafa kamar kowane yaro, sai da ya kai shekara 13 ya koma ga kwando. A zamanin nan ne sunan Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya cika duniya, wanda ƙungiyar Houston Rockets ta zaɓa a sahun farko a 1984, ya ci mata kambun NBA a 1994 da 1995, kuma, abin da ya fi ƙayatar da Musulmi, yana shiga fili da azumi a bakinsa, har aka ba shi lambar gwanin wata a Fabrairun 1995 alhali kuwa watan Ramadan ne. Ganin ɗan ƙasarsu ya kai wannan matsayi ya ƙarfafa himmar yara irin su Ujiri ƙwarai.

Shi dai Ujiri bai kai ga buga wasa a NBA ba. Ya yi karatu a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck ta jihar Dakota ta Arewa, ya yi 'yan shekaru yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, sa'an nan a 2002 ya karɓi aikin yawon nemo wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin mota da na masauki daga aljihunsa. Daga wannan ƙasƙantaccen mafari ya hau, har ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon masu gudanarwa na NBA a 2013, ya koma Toronto Raptors a wannan shekara, kuma a watan Yunin 2019 ƙungiyar da ya haɗa, wadda a cikinta akwai Pascal Siakam na Kamaru da Serge Ibaka na Kwango, ta doke Golden State Warriors da wasa huɗu da biyu ta ɗauki kambu, karo na farko da ya fita daga Amurka. Ya riƙe ragamar ƙungiyar har Yunin 2025. Tun 2003 kuma ya kafa Giants of Africa, mai tara yara a sansanonin horo da gina filaye a ƙasashen Afirka.

To, a nan ne mas'alolin da ake jayayya a kansu yau suke tasowa, kuma mafi ɗacinsu ita ce husumar shugabanci. A watan Yunin 2017 hukumar ƙwallon kwando ta Nijeriya ta yi zaɓe biyu a kwana biyu a jere, ɗaya a Kano aka ce Tijjani Umar ya ci, ɗaya a Abuja aka ce Musa Kida ya ci, kowane ɓangare yana riƙe da hujjarsa; aka sake maimaita irin wannan a Janairun 2022, zaɓe a birnin Benin da zaɓe a Abuja. Da gwamnati ta gaji, sai ta ba da sanarwa a watan Mayun 2022 cewa ta janye ƙasar daga duk wata gasa ta duniya har shekara biyu, kuma ko da yake ta warware hukuncin a watan Yuni, kafin nan bakin alƙalami ya bushe, an riga an miƙa wa Mali gurbin da matanmu suka samu da guminsu na zuwa gasar kofin duniya a Ostireliya. Waɗannan mata fa su ne suka ci kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021, suka ƙara a 2023 da 2025, suka kuma kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a wasannin Olamfik na Faris a 2024. Manya suka yi faɗa a kan kujera, waɗanda ba su ji ba su gani ba suka biya diyya. A tsawon wannan fitina gasar cikin gida, wadda Kano Pillars ta sha ɗaukar kofinta, ta yi ta tsayawa tana tashi, ɗan wasa bai san ko za a buga bana ba, balle ya san albashinsa.

Daga wannan ne mas'ala ta biyu ta samo tushe. Tawagar maza ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015, ta kuma doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas a Yulin 2021, abin alfahari ne ba shakka; sai dai galibin waɗanda suka yi wannan aiki a ƙasashen waje aka haife su ko a can aka horar da su. Wasu na cewa ɗa na kowa ne, kuma jini ba ya ƙarya, duk inda aka haifi ɗan Nijeriya namu ne. Wasu kuma na cewa mai cin amfanin gonar maƙwabci bai kamata ya manta tasa ta zama saura ba. Ni ina tare da na biyun, ba don ina ƙin na farkon ba, sai don na ga abin da fili ɗaya da malami ɗaya suka haifar a Samaru. Gasar BAL da NBA ta buɗe wa ƙungiyoyin Afirka a Kigali a 2021 ƙofa ce mai kyau, amma wanda ba ya da tsayayyar gasa a gidansa da wuya ya shige ta da ƙarfinsa.

Game da 'yan mata kuwa, uzurin da iyaye Musulmi suka daɗe suna kawowa na sutura ya ragu, domin hukumar duniya ta FIBA ta halatta wasa da lulluɓin kai tun 2017, kamar yadda masu dokokin ƙwallon ƙafa suka yi a 2014. Abin da ya rage shi ne wuri mai kamun kai da malamai mata.

A Agustan 2023 Ujiri ya aza harsashin wani babban gini a Kigali ta ƙasar Ruwanda, kusa da babban ɗakin wasanninsu, mai ɗauke da masauki da filin wasa da shaguna, aka buɗe shi a Yulin 2025, ya kuma raɗa masa suna Zaria Court, don tunawa da garin da ya rene shi. Wannan halacci ne, kuma mun gode. Amma ya kamata ya sa mu tunani, domin mai dukiya yakan kai ta inda ya ga tsari da cika alkawari, kuma Ruwanda ta nuna waɗannan. Sa'an nan mu faɗa wa kanmu gaskiya: Zariyar da wannan suna ke nufi ta bayan ganuwa ce, ta Samaru da unguwannin ma'aikata, yaron cikin birni kuwa yana iya girma har ya yi aure bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba, alhali tsakanin Ƙofar Doka da filin jami'a tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota ba ce, kuma dogayen samari masu ƙarfin jijiya ba su yi mana ƙaranci ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau da majalisarsa, da tsofaffin ɗaliban Kwalejin Alhudahuda da na Barewa, da attajiran birni waɗanda Allah ya hore wa, su dubi wannan al'amari da idon maslaha. Filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, bai kai harabar wasu gidajenmu ba. A keɓe irin wannan wuri a makarantun cikin ganuwa, a daɓe shi, a mai da shi waƙafi don kada wani ya sayar, a tsara lokutansa yadda ba za su ci karo da salla ko karatu ba, sa'an nan a nemo malami daga cikin almajiran Samaru, a yanka masa albashin da zai zaunar da shi shekara goma ba tare da ya waiwayi Legas ko Abuja ba.